Ruwa ya shigo mana da tsakar dare: wa ya kamata in fara kira?

Tela Ɗan Nima:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya, amma ku yi haƙuri in fara ba ku labarin abin da ya jawo ta.

Ni tela ne, ina haya a wani gida mai ɗaki goma sha ɗaya a unguwar Nima da ke Akra, a Gana, can gangare kusa da babbar kwata. Daren Talatar makon jiya aka fara ruwa bayan isha'i. Ba wanda ya damu, watan Yuni ne, mun saba. Wajen ƙarfe ɗaya na ji wani abu yana bugun ƙofata, ƙwas, ƙwas. Ashe bokitin maƙwabciyata ne ruwa ya ɗauko. Na sauko da ƙafa daga gado sai na ji sanyi har idon sawu. Kafin in ɗora keken ɗinki da yadukan mutane a kan kabad, ya kai gwiwa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne Kaka, mahaifiyar wani maƙwabcinmu. Tana ɗakin ƙarshe, ɓarin jikinta ya shanye shekara biyu ke nan, ɗanta kuma gadin dare yake yi a Tema. Ga wata wayar wuta da aka ja zuwa ɗakin nata tana tartsatsi a jikin bango.

Me na yi? Na hau kan benci ina kiran onorabul ɗinmu, wato wakilin unguwarmu a majalisar ƙaramar hukuma. Sau goma sha ɗaya, na ƙirga a waya daga baya. Ba ta shiga ba. Lambarsa kaɗai ta zo min a kai, domin shi muke kira in fitilar lungu ta mutu ko an yi rigimar famfo. Ina nan ina danne-danne, yaran bes ɗin bakin lungunmu, wato samarin da ke zaman hira a wurin, suka shigo su biyar. Ɗaya ya kashe wutar gidan da sanda, sauran suka ɓalle ƙyauren banɗaki, suka ɗora Kaka a kai, suka kai ta benen masallaci. Allah ya saka musu. Ba a rasa rai ba. Shadda uku ta wani Alhaji ce dai ta tafi, har yau ban san da wane baki zan faɗa masa ba.

To da gari ya waye sai baƙi suka fara zuwa. Na farko suna sanye da riga mai ruwan lemo, suka rubuta sunaye da abin da ya lalace. Na biyu mutum ɗaya ne da kakinsa, bai tambayi sunan kowa ba, masai ya wuce ya leƙa, ya duba rijiya, ya bar wa mai gida takarda. Ranar Alhamis wasu suka zo da igiyar awo, suka auna ɗakin da mai gidanmu ya ƙara a bakin kwata, suka yi rubutu da jan fenti suka tafi.

Bayan sallar Juma'a kwamitin masallaci suka ce tunda ni na ɗan yi boko, in rubuto takarda guda da za a manna a bango: in abu ya faru, wa ake kira, kuma aikin wa mene ne. Na amsa da to, ban san komai ba. Su wane ne waɗannan rukuni uku? Onorabul fa, mene ne ainihin aikinsa a irin wannan dare? Kuma wa ke sama da su duka?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam, ɗana. Sannunku da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri, ya ba Kaka lafiya.

Na yi aikin asambuli, wato ƙaramar hukuma, sama da shekara ashirin kafin in yi ritaya, bari in gaya maka yadda abin yake a takarda, sannan in gaya maka yadda na gan shi.

Kuskurenka ɗaya ne, kuma rabin Zango suna yin sa. Onorabul ba mai ceto ba ne. Ba shi da mota mai tsani, ba shi da kwale-kwale, ba shi da ma'aikaci ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Zaɓarsa kuka yi ya zama bakinku a zauren majalisa. Da ruwa ya kai gwiwa ga waya tana tartsatsi, 112 za ka danna. Ita ce lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya, kyauta ce ko ba ka da kati. Tsofaffin lambobin ma ka rubuta su: 191 'yan sanda, 192 'yan kwana-kwana, 193 motar asibiti. Mutanenmu suna zaton kwana-kwana gobara kaɗai suka sani. A'a, ceto ma aikinsu ne, ko ruwa ne, ko gini ya rufta, ko yaro ya faɗa rijiya. Maganar tiransifoma da wayar kan titi kuwa ta kamfanin wutar lantarki ce, wato ECG, kada wani ya ce zai hau.

Masu riga ruwan lemo 'yan NADMO ne, hukumar kula da bala'o'i. An kafa ta da dokar 1996, aka sake mata sabuwar doka a 2016, tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da daraktanta da jami'an shiyya. Babban aikinsu haɗa kan sauran ne: su wayar da kai kafin damina, su nemi inda za a tsugunar da mutane, su ƙirga ɓarna, su aika rahoto sama. Da wannan rahoton ake sakin katifa, bargo, gidan sauro, shinkafa, wani lokaci kwanon rufi. Littafin nan da ka ga suna rubutu a ciki, kada ka raina shi.

Mai kakin nan duba-gari ne, wanda iyayenmu ke kira tankas. Shi ba ruwansa da katifarka. Abin da ke gabansa shi ne ko masai ya haɗu da ruwan sha. Masu jan fenti kuma sashen ayyuka ne da na tsara gari, wato injiniyoyi da masu duba gini. Tambayarsu ɗaya ce: da izinin wa aka yi wannan ɗaki a bakin hanyar ruwa? Wannan tsakaninsu ne da mai gidanku.

Wanda ke sama da su a ƙaramar hukuma shi ne MCE, wato shugabanta. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka halarta sun amince. Shi ke shugabantar kwamitin bala'i na yankin, inda kwamandan 'yan sanda, shugaban kwana-kwana, daraktan lafiya, jami'in yaɗa labarai da wakilin soja suke zama, daraktan NADMO kuma shi ne sakatare. A nan ne onorabul ɗin unguwar da abin ya shafa yake da amfani, domin shi ne zai ce ga lungun da aka manta. Amma wanda na fi ganin aikinsa a idona shi ne daraktan gudanarwa, shugaban ma'aikatan ofis. MCE ya ce a yi, shi kuwa shi zai nemo direba, ya sa a rubuta takardar man mota, ya taso ma'aji daga barci. In wannan mutum mai kuzari ne, za ka ga abubuwa suna motsi. In mai jiran Litinin ne, to sai Litinin.

Wani abu kuma, ka daina cewa AMA, wato asambulin birnin Akra, kamar yadda kowa ke cewa. Tun 2018 aka yanke Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, da Ayawaso ta Arewa, inda Mamobi take, kowacce da asambulinta da MCE ɗinta. Na sha ganin dattijo ya ɓata kuɗin motar haya zuwa cikin gari da takardar koke, a ce masa ya koma unguwarsu. Kwatar ma ba ta mutum ɗaya ba ce. Manya irin taku da kogin Odaw suna hannun hukumar magudanan ruwa ta ƙasa da muke kira Haidiro, na gefen kwalta na masu hanyoyin birni ne, ƙananan cikin lungu da maganar shara su ne na asambuli. Shi ruwa bai san wannan rabo ba. Daga wajenku yake gangarawa ya faɗa Odaw, ya bi ta tafkin Korle zuwa teku, in ya sami hanya.

Ina bakin aiki daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na shataletalen Kwame Nkrumah, sama da mutum 150 suka rasu, yawancinsu fakewa kawai suka yi. Ba na son tuna shi da yawa. Abin da ya zauna min a rai shi ne, ranar hanyoyin kansu sun zama kogi, mai son ya zo taimako ma ba ta inda zai bi. Saboda haka duk abin da na lissafa maka, ka sani awa ta farko taku ce, ku da yaran bes ɗinku.

Uwar Biyu ta Mamobi:

Baba Akawu, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara girma. Ƙanina Tela, ni ma'aikaciyar jinya ce, zan ƙara maka abu biyu.

Na farko, kiran ma sai an iya shi. Mutum ya kira 112 yana ihu, "Ku zo Nima, ruwa zai kashe mu!" Nima ina? Wanda ya ɗauki wayar wataƙila bai taɓa taka unguwarmu ba, lungunanmu kuma ba suna a bango. Ka rubuta a takardar taka, da manyan baƙi, abin da mai kira zai faɗa: sunan babban titin da ya fi kusa, alamar da kowa ya sani, da lambar adireshin masallacin ta GhanaPost GPS. Sannan mutum nawa ne, akwai mara lafiya, akwai mai ciki, wuta a kashe take ko a kunne. A kuma tura yaro ɗaya da tocila ya tsaya a bakin titi. Motar ba za ta shiga lungun da aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ma da kyar yake wucewa ba. A 2020 an raba motocin asibiti 307, kowace mazaɓa ta samu, amma ba wadda aka ƙera don lungun Nima. Ku za ku fito da mutum, su su karɓa daga bakin kwalta.

A ja wa yara kunne kuma su daina kiran lambar nan don wasa. Layin da yaro ya riƙe yana dariya, wani ne yake nemansa da rai a hannun Allah.

Na biyu, ku kuna ganin bala'i ya wuce da ruwa ya janye. Mu a lokacin muke ɗaura ɗamara. Kwana uku zuwa mako guda sai gudawa da amai su fara shigowa, bayan haka zazzaɓin sauro. Wanda ya ga kwalarar 2014 a Akra ba ya wasa da takardar tankas. A ofishin lafiya na ƙaramar hukuma akwai jami'in da aikinsa kaɗai bin sawun cuta ne. In mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka kama gudawa kamar ruwan shinkafa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a fara ba su ruwan gishiri da sukari a kawo su, shi zai bi ya gano daga wace rijiya ko wane mai abinci abin ya fito. Rijiyar gidanku kada a sha, kada a yi kurkurar baki da ita, sai an zo an zuba mata magani.

Kaka kuma, tunda ta kwana cikin sanyi da jiƙaƙƙen zane, a kawo ta a duba ƙirjinta ko da ba ta koka ba. Masu irin ciwonta ba sa faɗa. Ka duba min ko magungunan hawan jininta sun tsira.

Sabon Zango Boy:

Baba Akawu, da girmamawa, wannan duk karatun ofis ne. Shekara uku da suka wuce ruwa ya ci ɗakina, har talabijin. Aka zo rubuta suna ina wajen aiki. Mai gidanmu ya ba da sunansa, da na matansa biyu, da na ɗansa da ke Libiya. Da kaya suka zo, katifa huɗu ta shige ɗakinsa muna kallo, mu 'yan haya bakwai ko bokiti. Yaya Tela, ka rubuta lambar yaran bes a saman takardar, ka sa sauran a ƙasa da ƙananan baƙi.

Tsohon Akawu:

Ɗana, ban musa maka ba. Amma ka lura, littafin bai yi ƙarya ba, abin da aka faɗa masa ya rubuta. Jami'i ɗaya yana iya samun gida ɗari a yini, ba zai san wa ke Libiya ba. Da ɗan kwamitin unguwa ko limami na tsaye a gefensa, da mai gidanku bai iya buɗe baki ba.

Na Aboabo, Kumasi:

Salamu alaikum mutanen Akra. Ina karanta ku daga Aboabo, mu ma rafinmu ba ya barin mu barci in damina ta kankama. Ina cikin kwamitin unguwa, wanda ake zaɓa rana ɗaya da onorabul, mutum biyar. Ba albashi, sai zagi. Mu muna ƙarƙashin Asokore Mampong ne, amma har gobe mutanenmu KMA suke cewa, wato asambulin birnin Kumasi, irin ciwon da Alhaji Akawu ya faɗa.

Maganar ɗan'uwana na Sabon Zango ta taɓa faruwa a wajenmu, ita ce ma ta sa muka sayi littafi mai bangon kwali. Tun watan Maris muke bi gida-gida. Ba mai gida muke tambaya ba, ƙofa-ƙofa muke bugawa: wa ke kwana a nan, yara nawa, akwai tsoho, akwai wanda ba ya iya tafiya. Da farko mata suka ƙi, suna zaton haraji ne, sai da Magajiya ta bi mu da kanta. Yanzu in jami'an shiyya sun zo ƙirga, littafin muke buɗewa a gabansu, kowa ya fito da katin Gana ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Rigimar ba ta ƙare ba, amma ta ragu sosai. Ka kuma je ofishin NADMO na yankinku ka tambaya a kan ƙungiyoyin 'yan sa-kai. Suna da tsarin yi wa matasan unguwa rajista a ba su horo. Yaran da suka iya ɓalle ƙyaure su mayar da shi makara mai rai, su ne irin waɗanda ake nema. Amma ka gaya wa mai kashe wuta da sanda Allah ne ya kiyaye shi. Jiƙaƙƙiyar sanda, ƙafa cikin ruwa, ba jarumta ba ce.

Akwai abu ɗaya da ba wanda ya taɓo, shi ne kuma ya fi kawo mana hayaniya da hukuma, wato gawa. Allah ya kiyaye, in ruwa ya ci mutum ko wuta, zuciyarmu tana son a yi masa sutura kafin la'asar. Doka kuma ta ce irin wannan mutuwar sai 'yan sanda sun ɗauki gawar, sun kai rahoto ga alƙalin da ke binciken sanadin mutuwa, shi zai ba da izini a sake ta. Na taɓa ganin matasa sun kewaye mota suna cewa ba za a tafi da ɗan'uwansu ba. Abin da ya jawo shi ne ƙarin kwana biyu. Tun daga ranar muka ware mutum biyu, na'ibin limami da wani dattijo daga fadar Sarkin Zango. Aikinsu ke nan: su bi gawa, su zauna da ɗan sandan da ke riƙe da maganar, su kai dangi inda za su sa hannu. Cikin lalama ake samun ta da wuri. Ka sa wannan a takardarka, ko da mutane za su ce kana kira musu mutuwa.

Gobara kuwa kun ga ta kasuwar Kantamanto a farkon Janairun 2025, mu kuma muka ga ta kasuwar Adum a Maris ɗin shekarar. In kwana-kwana sun iso, shugabansu ne mai magana a wurin, 'yan sanda su riƙe jama'a. Aikinmu mu kwashe tebura da motocin da suka tare hanya, mu nuna musu inda ruwa yake, mu hana masu ɗaukar hoto da masu dogon hannu.

Tela Ɗan Nima:

Na gode ƙwarai, Baba Akawu, Yaya Uwar Biyu, da ku duka. Yaya, maganin Kaka ya narke a cikin leda, ba wanda ya lura sai da na tambaya. Jiya ɗanta ya kai ta asibiti, an sake rubuta mata, an ce ƙirjin da sauƙi.

Na haɗu da onorabul a wajen mai koko. Ashe daren nan wayarsa ce ta faɗa ruwa yana fitar da nasa iyalin. Na ji kunyar abin da na faɗa a kansa a zuciyata. Ya ce zai raka ni ofis ranar Laraba mu karɓo lambar jami'in shiyyarmu.

Takardar na raba ta uku: kafin ruwa, cikin dare, da wayewar gari. Ɗan'uwana na Sabon Zango, 112 na sa a sama, yaran bes suna biye, kada ka yi fushi. Littafin ƙofa-ƙofa mun fara daga gidanmu, mutum arba'in da uku muka samu a ɗaki goma sha ɗaya, mai gida da kansa ya ce bai san mun kai haka ba. Shi dai yanzu jan fentin nan ne ya hana shi barci.

Inda muka maƙale shi ne makullin benen masallaci. Daren nan sa'a aka yi ladan ya kwana a ciki. Kwamiti sun ce ba za a ba yaran bes makulli ba saboda amfilifaya da batir suna sama, ladan kuma gidansa yana tsallaken kwata, in ta cika ba ya iya hayewa. Malam na Aboabo, ku wa ke riƙe da naku?